Launin ja: daga furen Riyad zuwa hular angwayen Kano

Masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Duk shekara, da zarar watan Fabrairu ya kusa rabawa, sai tsohuwar gardama ta farfaɗo a kan ranar masoya, wadda ake kira Balantain. Malamai su hau mumbari, samari su hau Facebook, kowa da hujjarsa. Sharhinmu na yau bai zo raba wannan gardama ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda masu mulki, daga wannan ƙasa zuwa waccan, suka kasa kawar da kai daga abin da ke tsakanin saurayi da budurwa.

Mu fara da Saudiyya. Shekara da shekaru, idan 14 ga Fabrairu ta matso, 'yan hisbar ƙasar kan zaga shagunan furanni su ce a kwashe duk wani abu ja: fure, takardar naɗe kyauta, har 'yar tsana. Abin da ya biyo baya, ko ɗan tireda zai iya faɗa muku. Jan fure ya koma ƙarƙashin kanta, kuɗinsa ya ninka, ana miƙa wa mai saye a ɓoye kamar kayan fasa-ƙwauri. A watan Afrilun 2016 gwamnati ta ƙwace ikon kama mutane daga hannun hukumar, kuma ba a yi wasu shekaru masu yawa ba furen ya dawo gaban shago a Riyad da Jidda. Littattafan fiƙihu suna nan yadda suke, gidan sarauta ne ya sauya shawara.

A Pakistan kotu ce ta shigo ciki. A 2017 babbar kotun Islamabad ta hana bikin a bainar jama'a, ta kuma hana kafafen yaɗa labarai tallata shi. A Indiya kuwa masu kishin addinin Hindu ne, irin su ƙungiyar Bajrang Dal, ke bin wuraren shaƙatawa suna fatattakar masoya. Har a 2023 hukumar kula da walwalar dabbobi ta ƙasar ta nemi a mayar da ranar ta rungumar saniya. Dariya ta yi yawa, cikin 'yan kwanaki aka janye sanarwar. Rasha ta ƙirƙiro tata ranar iyali da soyayya tun 2008, kowace 8 ga Yuli, da albarkar cocin ƙasar. Wanda aka raɗa wa ranar sunansa ma bai tsira ba, domin tun 1969 cocin Katolika ya cire bikin waliyyi Balantain daga babban kalandarsa.

Ghana ce ta fi kowa wayo. Ta mayar da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa. Tunda a lokacin ita ce ta biyu a noman koko a duniya bayan Kodebuwa, sai ta ce wa masoya: ku yi kyautarku, amma da namu na gida. Babu bulala, babu kotu, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

To mu fa? Bahaushe bai jira wata rana a kalanda ba kafin ya san yadda ake nuna so. Ku tuna da yammacin unguwa bayan sallar isha'i: saurayi ya tsaya a ƙofar gida cikin shadda mai sitati, turare na tashi, ya kira wani yaro ya ce shiga ka ce ana sallama da wance. Yaro ya sheƙa, ya dawo ya ce wai tana zuwa, ya tsaya yana jiran tukuici. Ita kuma sai ta gama jan ajinta sannan ta fito da tabarma da ruwan sha, kai a sunkuye. Daga nan toshi, daga nan magabata su shigo. Matar da ta shekara talatin ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, sai dai maigida ko baban wane, ba ƙaramin abu take faɗa da wannan kunyar ba.

Inda gizo ke saƙar a wurinmu shi ne kuɗi. Akwatunan lefe a wuyan ango, kayan ɗaki da gara a wuyan uban amarya: gado, katifa, kujeru, buhun shinkafa, jarkar mai. Soyayya nawa ce ta mutu a bakin waɗannan akwatuna? Ta wannan ƙofar siyasa ta shigo. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso a Kano, ta hannun hukumar Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Ibrahim Daurawa, ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100. A 2013 aka ɗaura na 1,111 a tashi ɗaya. Gwamnatin Ganduje ta yi na 1,500 a 2019, sannan a watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da 1,800, da sadakin naira dubu 50 ga kowace amarya, da kayan ɗaki, da ɗan jari, bayan an yi wa kowa gwajin lafiya.

Gaskiya ɗaya ce, wannan ya fi farautar fure amfani nesa ba kusa ba. Bazawarar da ta samu ɗakin kanta da abin juyawa ba ruwanta da wanda zai ci ribar siyasar. Amma duk wanda ya ga hotunan bikin na 2023 ya ga angwaye reras cikin fararen kaya da jar hula, kuma a Kano ko yaro ya san ma'anar jar hula, alamar tafiyar siyasar Kwankwaso. Launin da aka taɓa ɓoyewa ƙarƙashin kanta a Riyad saboda addini, shi ne aka ɗora a kan angwaye saboda siyasa.

Shi ya sa muke kira ga hukumar Hisba da duk gwamnatin da ta ɗauki wannan hanya, ta riƙa dawowa gaban jama'a bayan shekara ɗaya, bayan shekara uku, da wani lissafin daban. Adadin waɗanda aka ɗaura wa aure mun ji shi a ranar biki, da maroƙa da 'yan jarida. Saura a gaya mana ɗakuna nawa ne har yanzu ake kunna fitila a cikinsu bayan buhun shinkafar gara ya ƙare, kuma amare nawa ne jarinsu ke juyawa.