Ka Rubuta Abin Da Idonka Ya Gani: Lacca Kan Kwafe Tsofaffin Takardun Asali

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da zuwa.

Bari mu fara da Amurka. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunan bawa. Sunan ubangidansa ake sawa, shi kuwa sai shekarunsa da jinsinsa da launin fatarsa. Shi ya sa baƙar fata da yawa masu neman asalinsu suke cijewa a ƙidayar 1870, domin kafin ita ba sa samun sunayen kakanninsu bayi. Cikin abin da ya rage musu akwai takardun hukumar 'yantattun bayi, Freedmen's Bureau, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872: rajistar aure, yarjejeniyar ƙwadago, rabon abinci, littafin asibiti.

A ranar 19 ga Yunin 2015 FamilySearch, ƙungiyar da ke tattara bayanan asalin iyalai, ta yi kira ga 'yan sa-kai su kwafe sunayen da ke cikin waɗannan takardun. Kowa yana gidansa, da kwamfuta da intanet, suka kwafe sunaye kusan miliyan 1.8 a cikin kimanin shekara guda.

Ga yadda aikin yake. Za a ba ka hotunan shafuka kaɗan, a gefe kuma gurabe: suna, sunan zuriya, shekaru, wuri, kwanan wata. Tsarin da aka bi a wancan lokacin shi ne mutum biyu da ba su san juna ba su kwafe shafi ɗaya. Inda suka saɓa, na uku ya koma kan hoton ya raba gardama.

To, ina ake tuntuɓe? A wajen gyara. Malamin ofis ya rubuta Wm, kai ka san William ne. Ka bar shi Wm. Ya rubuta Jno, kada ka mai da shi John. Mace ba ta da sunan zuriya a takardar ƙwadago, ka bar gurbin fayau. In ka liƙa mata sunan mai gonar, ka jingina jikokinta ga gidan da ba nasu ba, kuma za su yi shekaru suna bin sawun ƙarya.

Harufa ma suna da tarko. Tsohuwar doguwar s kamar f take. Babbar S da babbar L a rubutun hannu kusan tagwaye ne, sai Sawyer ya koma Lawyer. Maganinsa, ka nemi kalmar da ba ka shakkarta a shafin, kamar Louisiana ko September, ka ga yadda wannan hannun yake lanƙwasa harafin. In ka ga "do" a layi, ba suna ba ne, ana nufin daidai da na sama, sai ka kwafo na saman.

In tawada ta cinye harafi ɗaya, sa alamar tambaya a wurinsa. In harufa da yawa ne, sa tauraro. Ku riƙe wannan don Allah, domin mutum biyu suna iya yin cinke iri ɗaya, su zaɓi sunan da aka fi sani. A nan kwamfuta ba za ta ga saɓani ba, mai raba gardama ba zai duba ba, kuskuren ya wuce salin-alin.