Ba Ƙaunarka Ce Ke Riƙe Da Kai Ba

Salama a gare ku 'yan'uwa, iyayena maza da mata ina gaisuwa. Na baya kuna ji na? Toh madalla.

Zan fara da maganar da ba kowa zai ji daɗinta ba. Yawancinmu ranar da muka zo wurin Yesu, buƙatar kanmu ce ta kawo mu. Wani ciwo ne ya koro shi, wani tsoron hukunci, wata aurenta ne ya rikice, wani kuma zunubi ne ya hana shi barci. Kuma ba abin kunya bane fa. Ɗan nan na misalin Yesu a Luka 15, wanda ya bar gida ya ɓatar da gadonsa, ai ba kewar babansa ce ta dawo da shi gida ba, yunwa ce, shi da bakinsa yace barorin ubana suna ci har suna bari ni kuwa ina nan zan mutu, amma duk da haka uban ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi. Inda matsalar take shine mutum ya tsufa a ikkilisiya yana nan tsaye a inda ya fara.

Akwai wani bawan Allah a Faransa, Bernard na Clairvaux, ya rasu a 1153, shi ya kasa abin nan mataki huɗu. Da farko mutum kansa yake so saboda kansa. Sai ya fara son Allah amma don abin da zai samu. Yau da gobe, yana kuka ana amsa masa, sai ya ɗanɗana ya gane Allahn nan da kansa abin so ne. Na huɗun kuwa, inda ko kanka ma saboda Allah kake son sa, Bernard yace da wuya a cimma shi sosai a duniyar nan. Ni a ganina a mataki na biyu akasarinmu muka yada zango, kuma tambayar da Shaiɗan yayi akan Ayuba, wai a banza yake tsoron Allah, har yau tana jiran amsar kowannenmu.

Toh amma ga inda nake so ku buɗe kunne. Son kai baya gudu don ka shiga addini, riga kawai yake canzawa. Kala ɗaya kowa ya san shi, Bafarisiyen nan na Luka 18, mai tsananin bin dokokin addinin Yahudawa, da yake addu'a yana cewa ina azumi sau biyu a mako, ina bada zakka, ni ba kamar wancan mai karɓar harajin bane. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na wani. Ɗaya kalar ce ta fi ban tausayi don kama take da tawali'u. Shine ɗan'uwan da kullum yana cikin binciken kansa, anya tubana ya karɓu, anya addu'ata ta isa, jiya naji daɗin sujada yau banji komai ba ko Ubangiji ya juya min baya ne. Bashi da girman kai ko kaɗan, amma ka lura, daga safe har dare idonsa akan wa yake? Akansa.

Martin Luther yayi wannan ciwon. Ya shiga gidan zuhudu a Erfurt ta ƙasar Jamus a 1505, yana azumi yana hana kansa barci, idan yaje furta zunubi sai ya ɗauki awoyi, wani lokaci har awa 6, ya fito kuma ya tuna wani ƙaramin abu da ya manta hankalinsa ya sake tashi. Shugabansa Staupitz ne ya rinƙa ce masa ya ɗaga ido ya dubi raunukan Almasihu. Daga baya da yake koyar da wasiƙar Romawa a 1515 zuwa 1516, Luther ya bayyana mai zunubi a matsayin mutumin da ya lanƙwashe yana kallon cikin kansa, har abubuwan Allah ma kansa yake jawo wa.

Yanzu ku zo mu dubi Bitrus, almajirin Yesu, da kyau, don shi yafi kama da mu. Matiyu 26:33, yace ko duka sun yi tuntuɓe saboda kai, ni dai ba zan yi ba. Ba ƙarya yake ba, har zuciyarsa yake nufi, sai dai duk nauyinsa akan ƙaunar da shi yake wa Yesu ya ɗora. A daren nan da aka kama Yesu, ana jin ɗumin wuta a tsakar gidan babban firist, wata baranya ta ƙura masa ido tace wannan ma tare suke, shikenan ya musa, ya ƙara, ya ƙara, yana cikin magana zakara yayi cara, Luka yace Ubangiji ya juyo ya dube shi, ya fita waje ya fashe da kuka mai zafi. Abin da muke yawan tsallakewa shine Luka 22:32, tun kafin faɗuwar Yesu ya riga yace masa na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta kasa. Wato ana riƙe da shi tun yana cika baki.

Da suka haɗu a bakin teku bayan tashin Yesu daga matattu, a Yohanna 21, sau uku Yesu yana tambayarsa kana ƙaunata, ku duba amsarsa ta ƙarshe, babu rantsuwa babu gwada kansa da kowa, cewa yayi Ubangiji ka san kome, ka san ina ƙaunarka. Ko ƙaunar tasa ma yanzu akan sanin Yesu ya jingina ta. Shine abin da Yohanna ya rubuta, muna ƙauna domin shi ne ya fara ƙaunarmu, kuma Romawa 5:8 tace tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, ba sai da muka gyaru ba.

Na san wani zai ce toh Fasto ba ka buɗe wa mutane ƙofar lalaci ba kenan? Bulus ya riga ya amsa a Romawa 6, a'a ko kaɗan. Kuma ni abin da na gani a hidima, wanda yake tsoron za a kore shi shine mai ɓoye zunubi, wanda ya tabbata ana ƙaunarsa shi ke iya fitowa fili yace na faɗi ku taimake ni.

Kar kuma ku ɗauka rana ɗaya ake gamawa. A Yohanna 21 ɗinnan dai, an gama maido da Bitrus kenan, ya waiga yaga Yohanna na biye da su, sai yace Ubangiji wannan fa? Yesu yace ina ruwanka, kai dai ka bi ni. Bayan shekaru a Antakiya ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, saboda tsoron mutane, har Bulus ya tsauta masa a gaban kowa, yana nan a Galatiyawa 2. Manzo ne fa, ya riga yayi wa'azin Fentikos, mutum wajen 3,000 suka yi baftisma, amma tsoron me za a ce da ni bai gama sakinsa ba, kuma Ubangiji bai ƙwace tumakin da ya ba shi kiwo, wato masu bi, daga hannunsa ba.

Akwai mai tambaya? Mama, naga hannunki tun ɗazu, a miƙa mata makirfon.