Ta Ina Sabuwar Waƙa Ke Shigowa Kunnenka?

[Hayaniyar kasuwa, janareto yana ruri daga nesa]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Duk wanda ya tashi a zamanin memori ya san wannan shagon. Ɗan kes ne a bakin kasuwa, ga tsohuwar laftof, ga wayoyin caja sun harɗe kamar taliya, ga sifika tana amo. Ka miƙa memorinka, mai shagon ko ɗago kai bai yi ba sai ya ce, "Oga, me za a zuba maka?" Ka ce sababbi. In ya san ka, ya riga ya san abin da kunnenka ke so. Sai dai ba a nan gwanintarsa take ba. Kullum sai ya cusa maka guda biyu ko uku waɗanda ba ka tambaya ba. Ka je gida ka kunna, ka ce wannan kuma daga ina? Bayan sati guda ka tsinci kanka kana rera ta a banɗaki.

Yau shagon ya koma cikin waya, kuma kaya sun yi wa kasuwar yawa. Kamfanin ƙididdiga na Luminate ya ce a shekarar 2023 sababbin waƙoƙin da ake ɗorawa a manhajojin saurare sun haura 100,000 a kowace rana. Mu ƙaddara kowace minti uku ce. Kafin ka gama na rana ɗaya tak, sai ka kusa cin wata bakwai, ba barci, ba cin abinci. To, mai son gambarar zamani, wato hip-hop, ko jaz, ko fank, ko kiɗan rawa na sassan duniya, ta ina zai bi ya iske na kirki?

Mu fara da rana. Kun lura yawancin manyan mawaƙa ranar Juma'a suke sakin kaya? Da ba haka ake yi ba. Birtaniya da Faransa Litinin ce ranarsu, Amurka Talata, Jamus Juma'a. Sai kundi ya fito a wata ƙasa, kafin ya iso maƙwabciyarta masu satar fasaha sun riga sun baza shi a intanet. Shi ya sa ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI, ta haɗa kan ƙasashe sama da 45, aka tsayar da rana guda tun daga 10 ga Yulin 2015. Juma'a, da zarar sha biyun dare ta gota a agogon ƙasarku. Saboda haka in za ka ware lokacin farauta, daren Alhamis wayewar Juma'a ne ake sauke kaya.

[Hoton fuskar waya, yatsa yana gangarawa]

Daga nan sai injin da ke zaɓa maka waƙa, wanda ake kira algoridim. Spotify, da ya iso Najeriya a 2021, yana da jeri biyu da ya yi suna da su. Discover Weekly yana zuwa duk Litinin da waƙoƙi 30. Release Radar kuma duk Juma'a, yana tattaro sababbin kayan mawaƙan da kake bi. Audiomack da Boomplay, waɗanda mutanenmu suka fi sabawa da su, kowanne da irin nasa.

Yaya injin yake sanin ka? Ba wani tsafi ba ne. Yana duba abin da ka saurara har ƙarshe, da wanda ka ajiye, da wanda ka tsallake tun bai yi daƙiƙa 30 ba. Sai ya nemo mutanen da saurarensu ya yi kama da naka. In su sun ji wata waƙa kai ba ka ji ba, ya turo maka. Kamar dillali ne a kasuwar dabbobi: ya ga irin ragon da ka taya jiya, yau ya jawo maka ɗan'uwansa.

Nan gizo ke saƙar. Injin nan jiyanka ya sani, kuma ita zai yi ta maimaita maka. Ni ganau ne. Lokacin bikin ƙanwata na bai wa yaran gida wayata kwana uku suna kunna kiɗan ƙauyawa da na kamu a wata manhaja. Wallahi sai da na yi wata guda ina buɗe jerina ina cin karo da waƙoƙin amarya. Injin ya yanke hukuncin cewa na zama ƙawar amarya, kuma ba inda zan ɗaukaka ƙara. In ka bar masa linzami gaba ɗaya, zagaye zai yi ta yi da kai kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Abin da ni na ga yana aiki shi ne bin sunaye. A yawancin manhajojin nan, in ka taɓa ɗigo ukun da ke gefen waƙa za ka ga jerin waɗanda suka yi aikinta: wa ya rubuta, wa ya haɗa kiɗan, wane kamfani ya fitar. Kusan ba mai leƙa wurin, alhali nan zaren yake.

Ga misali. A watan Maris na 2015 Kendrick Lamar ya fitar da wani kundi na gambara. Wanda ya leƙa sunayen da ke bayansa zai ga Kamasi Washington, mai busa saksofon. Zai ga Thundercat, mai kaɗa jitar bes. Zai ga Robert Glasper a kan fiyano. Zai kuma ga dattijo George Clinton, ɗaya daga cikin iyayen gidan fank tun shekarun 1970. Ka ja zaren Kamasi kawai: bayan wata biyu shi ma ya saki nasa kundin na jaz zalla, mai tsawon kusan awa uku, a kamfanin Brainfeeder na Los Angeles. Ka shiga ta ƙofar gambara, ka fito ta tagar jaz, kuma hannunka riƙe da sunan wani kamfani wanda za ka dinga leƙawa duk Juma'a.

Ba mamaki a ciki, don dama 'yan gida ɗaya ne. Ranar 11 ga Agustan 1973, a wani biki a lamba 1520 kan titin Sedgwick a unguwar Bronx ta New York, DJ Kool Herc ya juya faifai a daren da ake ɗauka a matsayin mafarin hip-hop. Dabarar da aka san shi da ita ita ce: ya lura masu rawa sun fi zaucewa a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru, ganguna suka rage su kaɗai. Sai ya samo kofi biyu na faifai ɗaya yana ta maimaita wannan gaɓar. Faifan me? Akasari na fank, irin na su James Brown. Har gobe masu haɗa kiɗa suna gutsuro tsofaffin faifai suna gina sabo a kai. Akwai shafin WhoSampled da aikinsa ke nan, ka sa sunan waƙa ya nuna maka inda aka yanko ta.

[Sautin ganguna su kaɗai, sannan a rage]

Kamfanonin faifai, musamman ƙanana, su ne magadan mai shagon memori na gaskiya, domin akwai mutum a can mai kunne, wanda ya sa kuɗinsa a kan zaɓinsa. A jaz akwai tsohon gida Blue Note, tun 1939, kuma har yanzu yana ɗaukar matasa. Akwai International Anthem a Shikago, da Brownswood a Landan. Mai son fank da aka kaɗa da hannu ya leƙa Daptone a Brooklyn. Galibin ƙananan suna da rumfa a shafin sayar da waƙoƙi na Bandcamp, inda in ka bi kamfani ake aiko maka da saƙo duk sanda ya sauke sabon kaya.

Landan kuwa sai mun ɗan tsaya. Jaz ɗin da matasan birnin ke yi yanzu na rawa ne, ba na zaman ɗaure fuska ba. A 2023 ƙungiyar Ezra Collective ta ci kyautar Mercury, wadda ake bai wa kundin da ya fi fice a shekara a Birtaniya da Ireland, karon farko da 'yan jaz suka ɗauke ta. Mai gangunansu, Femi Koleoso, asalin iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma in ka kasa kunne za ka ji hannun marigayi Tony Allen, makaɗin Fela, a cikin dukansa. A birnin ne kuma Femi Adeyemi ya buɗe gidan rediyon intanet na NTS a 2011, a wani ɗan ɗaki a unguwar Dalston. Kyauta ake saurare, masu gabatarwa suna kunna abin da ransu ya so, kuma ana rubuta sunayen waƙoƙin a ƙasan shiri. A ganina awa biyu tare da mai gabatarwa guda mai kunne ta fi sati guda na zaɓin inji.

Kiɗan rawa shi kuma ɗabi'arsa daban. Sau da yawa waƙa takan yi watanni tana yawo a hannun masu juya faifai kafin a sake ta a hukumance. Don haka wajen dije ake fara jin ta, a irin dogon haɗin da ake ɗorawa a YouTube da SoundCloud, ko a Boiler Room, waɗanda tun 2010 suke kafa kyamara a gaban dije mutane na rawa a bayansa. Ka ji wadda ta taɓa ka, ka kunna Shazam, manhajar da ke sauraren waƙa ta faɗa maka sunanta. In bai gane ta ba, wataƙila ba ta ma fito ba tukuna.

Amapiano dai kowa ya san shi yanzu, ɗan unguwannin Pretoria da Johannesburg, mai wannan gangar da ke bugun ƙirji. Amma Durban tana da nata, gqom, mai duhu da nauyi. Luanda tana da kuduro. Darussalam ta Tanzaniya tana da singeli, wanda saurinsa kan wuce bugu 200 a minti ɗaya. Farkon jinsa sai ka zaci wayarka ce ta samu matsala. Kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala ne ya taimaka wajen fitar da shi duniya. Sai gargaɗi guda: in ka ga an rubuta fank na Barazil, kada ka sa ran jin James Brown. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Wancan kiɗan unguwannin talakawan Rio de Janeiro ne, na inji, mai tsage sifika.

Kuma kada a raina tsohuwar hanyarmu. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya zauna a Kidal ta arewacin Mali yana kwafar waƙoƙin da matasa ke tura wa juna ta bulutut. A 2011 kamfaninsa Sahel Sounds ya buga wasu daga ciki a faifai. Cikinsu har da ta wani Buzu ɗan Nijar mai kaɗa jita, Mdou Moctar, wanda daga baya ya riƙa zagaya Turai da Amurka yana wasa. Daga memori ya fara, waya zuwa waya.

Ni ga yadda nake yi. Daren Alhamis in sayi datar dare, in sauke abin da injin ya kawo, in ƙara da na kamfanoni uku ko huɗu da nake bi. Da safe a cikin adaidaita in sa iyafis. Duk waƙar da ta sa na ɗago kai, sai in taɓa ɗigo ukun nan in rubuta suna ɗaya, ba na mawaƙin ba, na mai ganga ko mai haɗa kiɗan. Sati mai zuwa da wannan sunan zan fara bincike. Wayata kuma, ko bikin wa ake yi, na daina ba da aronta.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.