Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Sashen Tiyatar Ido

Mai girma Kwamishinan Lafiya, shugabannin asibiti, likitoci da ma'aikatan jinya, assalamu alaikum.

A madadin ma'aikatan wannan sashe, ina yi maka lale marhabin, tare da godiya bisa wannan ziyara da ka kawo domin ganin aikin da muka sa a gaba, wato haɗa dashen tantanin gaban ido da tiyatar cire yanar ido a zama ɗaya.

Ranka ya daɗe, dashen kansa tsohon aiki ne, domin Eduard Zirm ya yi nasararsa tun a 1905, kuma Harold Ridley ya sanya madubin roba na farko cikin ido, wanda ke maye gurbin madubin idon da aka cire saboda yana, a Landan a 1949. Sau da yawa majinyacin da tantaninsa ya dushe yana da yanar ido, saboda haka likita kan cire yanar, ya sanya madubin roba, sannan ya dasa sabon tantani kafin majinyacin ya tashi daga gadon tiyata.

Babban dalilinmu shi ne kare dashen. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin tantanin, waɗanda ke tsotse ruwa don ya kasance garau, ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma duk shigar da aka sake yi cikin idon tana rage su. Ga shi kuma maganin ɗigawa da ke hana jiki ƙin dashen yana gaggauta yana, wani lokaci ya ɗaga hawan jinin ido, don haka wanda aka bar wa yana, da wuya bai dawo domin wata tiyatar ba.

Sai dai aikin na da wuyarsa. Idan an dasa tantanin gaba ɗaya, ba a iya sanin yadda zai lanƙwasa sai bayan an cire zaren ɗinki, wanda kan kai shekara ko fiye, alhali ƙarfin madubin tun ranar tiyata ake zaɓarsa. A ganinmu, ba kowane ido ne ya dace da haɗin ba, musamman mai hawan jinin idon da bai lafa ba.

Babbar buƙatarmu, ranka ya daɗe, ita ce ma'ajiyar tantanin da mamata suka yi wasiyyar bayarwa, da horar da ƙarin likitoci. Muna fatan za ka dubi wannan da idon rahama.

Yanzu muna gayyatar ka zuwa ɗakin tiyata. Barka da zuwa.