Ka Fito Daga Intabiyu: Yaya Za Ka Gane Ko An Yi Na'am Da Kai?

Ka fito daga intabiyun neman aiki a wani ofis da ke titin Ahmadu Bello a Kaduna, riga ta jiƙe da gumi, fayil ɗin takardunka a hammata. Tun keke bai kai ka gadar Kawo ba waya ta yi ƙara. Mama ce: "To, yaya aka yi? Sun ɗauke ka?" Kai kuwa abin da aka sallame ka da shi bai wuce "za mu neme ka" ba.

Wannan magana kowa ita ake faɗa masa, da wanda za a ɗauka da wanda aka riga aka ajiye takardunsa gefe. Haka ma fara'a. Mutanenmu akwai kara: za a yi maka murmushi, a tambayi mutan gida, har a raka ka bakin ƙofa, alhali an gama yanke shawara.

Abin da za ka duba shi ne inda tambayoyin suka nufa. Da farko kan abin da ya wuce ake tambaya: ina ka yi karatu, KASU ko Kadpoly, ina ka yi bautar ƙasa. Idan ka ji sun juya kan gobe, to nan ne maganar take. "Yaushe za ka iya farawa?" "Daga Rigasa za ka iya isowa Kakuri ƙarfe 8 kullum?" "Ba mu lambar waɗanda za su tsaya maka." Wanda ba ya sonka ba ruwansa da yadda za ka riƙa zuwa aiki. In kuma aka kira shugaban sashen ya leƙo ya gan ka, ko hirar minti 15 ta kai 40, ka ji daɗi.

Akwai abin da ke tayar wa matasa hankali har ya ba ni tausayi. Ka ba da amsa, sai a ce, "Ƙara bayani, da hannunka me ka yi?" Sai gabanka ya faɗi, ka ɗauka ƙure ka ake son yi. Sau da yawa sha'awa ce ta sa ake tonawa. Wanda aka fitar da rai da shi, gyaɗa masa kai kawai ake yi a wuce.

Amma a gaban kwamitin ɗaukar ma'aikatan gwamnati ko na manyan kamfanoni, kada ka wahalar da kanka da karanta fuska. Galibi tambayoyi iri ɗaya ake yi wa kowa, kowane ɗan kwamiti yana rubuta maki a takardarsa, sai daga baya a haɗa.

In aka zo batun albashi, ka tafi da adadi a bakinka, ban da "duk abin da kuka bayar." Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar Najeriya naira 70,000 ne, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wanda kuma ya ce sai ka kawo kuɗi kafin a ba ka takardar kama aiki, tashi ka bar masa wurin.

Kafin ka miƙe, tambayi shugaban kwamitin: "Ranka ya daɗe, zuwa yaushe zan sa ran jin sakamako?" Da ka isa gida, rubuta tambayoyin da suka ba ka wuya tun ba ka manta ba. Idan ranar da aka faɗa ta wuce shiru, tura saƙo guda cikin ladabi, sannan ka kai takardunka wuri na gaba.