Shin Marubucin Labarin Bincike Yana Zambatar Mai Karatu?

Assalamu alaikum, masu kallo. A 'yan kwanakin nan ƙorafi guda ya yawaita a zaurukan karatu na WhatsApp, tun daga Garwa har Marwa da Kusiri a nan arewacin Kamaru. Mutum zai karanta littafin binciken kisan kai har ƙarshe, a bayyana mai laifin, sai ya ce marubucin ya zambace shi, wai babu abin da ya nuna wannan mutumin a duk tsawon labarin. Wasu har sun yi alwashin cewa daga yanzu shafin ƙarshe za su fara leƙawa kafin su sayar da barcinsu. Wannan ƙorafi ne ya sa muka shirya bidiyon nan, kuma a ganina matsalar ta fi yawa a yadda muke karatu a yau.

[Hoto: littattafai a shimfiɗe a bakin hanya, sannan hannu riƙe da waya]

Ku dubi hannun nan. Yawancinmu yanzu a waya muke karatu, babban yatsa yana ta tura shafi sama, ko kuma mu kunna littafin da wani ya karanta a YouTube muna wanki ko muna jiran ciniki. Labarin soyayya yana jure wa irin wannan karatu, domin ko sakin layi goma sun wuce ka za ka tarar da masoyan inda ka bar su. Labarin bincike ba ya jurewa.

Tarihinsa a taƙaice yake. Edgar Allan Poe ya buɗe ƙofar a Amurka a 1841, ƙagaggen jami'in bincike Sherlock Holmes ya bayyana a Ingila a 1887, Agatha Christie ta fito da jami'inta Poirot a 1920. Masu bangon rawaya da kuke gani a shimfiɗar nan na jerin Le Masque ne, wanda aka fara bugawa a Faransa a 1927, baƙaƙen kuwa na Série noire ne, wanda ya soma a 1945. Ta hannun waɗannan biyu ne akasarin masu karatun Faransanci suka san wannan fanni.

To, ga inda ake samun ruɗani. Littafin bincike na gargajiya yana da sharaɗi tsakanin marubuci da mai karatu, kuma wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya rubuta shi a dokoki goma a 1929. Daga ciki akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, dole jami'in bincike ya nuna wa mai karatu duk wata alama da ya ci karo da ita, kuma ba a yarda aljani ko tsafi ko sa'a kawai su warware matsalar ba. Ma'ana, marubucin ba shi da izinin ɓoye hujja. Abin da aka ba shi dama ya yi shi ne ya ajiye ta a gabanka a daidai lokacin da hankalinka yake wani wuri, kamar mai dabo a kasuwa da yake kaɗa hannun dama yayin da hagu ke aiki a fili.

[Hoto: zane, ƙofar gida da dare, ƙwan lantarki a samanta]

Bari mu ƙirƙiri misali namu domin a ga yadda abin yake tafiya. An tsinci gawar wani attajiri a ɗakinsa a cikin watan Afirilu, lokacin da zafin Garwa yake kan ganiyarsa. A babi na biyu uwargidansa tana ba jami'in bincike ruwa, tana ba shi haƙuri cewa ruwan babu sanyi, domin tun magaribar jiya aka ɗauke wuta a unguwar, sai da hantsi aka dawo da ita, yara ma ba su runtsa ba saboda fanka ba ta juya ba. Kai mai karatu ka ɗauki wannan a matsayin hirar gida, ka wuce. A babi na huɗu direban gidan yana lissafa aikensa na mako: ya kai hatsi niƙa, ya ɗauko yara daga makaranta, ya kai janareta wurin gyara, ya biya kuɗin ruwa. Ka sake wucewa, domin lissafi ne mai gundura, kuma marubucin ya sa rigimar gado ta ɓarke tsakanin 'ya'yan mamacin a layin da ke biye, duk hankalinka ya koma can. Sai a babi na tara mai gadi ya rantse cewa da ƙarfe biyun dare ya ga ƙanin Alhaji ya fito, kuma ya shaida fuskarsa sarai a hasken ƙwan da ke saman ƙofa.

Ku tsaya a nan. Wane ƙwai ne ya haska fuska a daren da babu wuta, janareta kuma yana wurin makaniki? Mai gadin ƙarya yake yi, kuma an gaya maka haka tun kafin ya buɗe baki, sai dai an raba maganar gida biyu, an watsa ta a babi na biyu da na huɗu. An sa kashi ɗaya a bakin mai ba da haƙuri, an cusa na biyu a tsakiyar lissafi, an rufe shi da hayaniya. Wanda ya tsallake bayanin ruwan zafi domin ya kai ga "wurin da ake abu" ya tsallake rabin amsar da hannunsa, wanda kuma yake saurare yana ba da canji ya rasa janaretan baki ɗaya. Daga baya su ne za su ce an zambace su.

Ba na cewa kowane marubuci yana cika wannan alkawari. Akwai malalata da ke fito da baƙon mutum a babin ƙarshe su ɗora masa laifi, kuma fushin da ake yi da su daidai ne. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce: idan ka gama, ka koma babi ukun farko. Idan alamun suna nan suna kallonka, littafin ya yi adalci.

Ni dai a yanzu da safe nake karanta irin waɗannan littattafai, bayan asuba kafin gari ya ɗau zafi, da 'yar takarda a gefe inda nake rubuta sunan kowa da inda ya ce yana nan lokacin da abin ya faru. Wanda yake hawa jirgin ƙasa na dare daga Ngaundare zuwa Yawunde ya samu wuri mafi dacewa, domin tafiyar ta isa a cinye littafi guda ba tare da an katse shi ba.

[Hoto: bangunan littattafai ɗaya bayan ɗaya]

Ga mai son gwada idonsa, ya fara da Le Meurtre de Roger Ackroyd na Christie, wanda ya fito da Turanci a 1926 kuma shi ne na farko a jerin Le Masque. Tun fitowarsa ake zargin marubuciyar da wannan zamba da muke magana a kai, amma duk wanda ya sake karantawa yana tarar da alamun a wurarensu. Ina roƙonku kada ku nemi bayaninsa a intanet kafin ku gama. Wanda ya fi kusa da zuciyata shi ne Moussa Konaté na Mali, musamman L'Empreinte du renard na 2006, inda Kwamishina Habib ya bar Bamako zuwa ƙasar Dogon domin binciken mace-macen da mutanen gari suka danganta da asiri. Ya girmama dattawa da abin da suka yi imani da shi, bai kuma daina neman hannun ɗan Adam a cikin lamarin ba, kuma duk wanda ya tashi a garuruwanmu zai gane wannan tsaka mai wuya.

Sai gargaɗi guda, domin shi ma yana jawo ƙorafi. Sufeto ko kwamishina a bangon littafi ba ya nufin wasan wasa ƙwaƙwalwa ne a ciki. Kwamishina Maigret na Georges Simenon, ɗan Beljiyam, wanda ya fito a littattafai 75 daga 1931 zuwa 1972, ya fi damuwa da dalilin da ya kai mutum ga kisa. Trop de soleil tue l'amour na Mongo Beti, na 1999, ya bi wani ɗan jarida cikin ƙasa mai kama da tamu, inda gawa ke bayyana amma hukuma ba ta son a yi tambaya. Wanda ya shiga wannan da takarda da alƙalami yana farautar alamu zai fito da takaici, domin abin da ake tuhuma a ciki shi ne mulkin kansa. Ku tambayi waɗannan sunaye a ɗakin karatu na Alliance, cibiyar koyar da Faransanci da ke Garwa, ko na cibiyar Faransa da ke Njamena, sannan ku bi ta wurin masu shimfiɗa, ku duba da kyau cewa shafukan ƙarshe ba su yage ba kafin ku biya.