Koyon Aiki a Hannun Gwani ko Keɓewa don Aikin Kai: Wanne Sabon Mai Fasaha Zai Fara?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Malamaina, ɗalibai, da 'yan'uwa masu zane, masu ɗaukar hoto, masu fim, marubuta da masu zanen tufafi da ke wannan zaure, barkanmu da war haka.

Wanda ya gama karatu, ko ya fara tsayawa da ƙafafunsa a harkar fasaha, yakan ci karo da hanyoyi biyu. Ta farko zaman koyon aiki, wanda ɗalibanmu suka fi sani da ai-ti: ka shiga kamfani ko situdiyo ko gidan buga littattafai, ka yi aikinsu a ƙarƙashin wanda ya fi ka sani. Ta biyu residensi: wata cibiya ta karɓe ka, ta ba ka masauki da ɗakin aiki na makonni ko watanni, ka yi aikin kanka, ba mai sa ka, ba mai hana ka. Matasa sun fi ɗokin ta biyun, don sau da yawa tana zuwa da jirgi da biza da suna. Ni kuwa abin da nake so ku auna shi ne: me ya tsayar da aikinka a yau? Idan hannunka ne bai faɗa ba, ko ba ka san yadda sana'ar ke tafiya daga oda zuwa biyan kuɗi ba, koyon aiki kake bukata. Idan kuwa kana da aiki a hannu, ka san inda ya dosa, lokaci da wuri da natsuwa ne suka gagare ka, to residensi kake bukata.

Mu fara da koyon aiki, domin akwai ilimin da aji ba ya bayarwa. Ɗalibin zane a kwamfuta zai iya fita da sakamako mai kyau bai taɓa kai aiki wurin mai injin bugu ba. A ranar da ya kai, a ranar zai gane cewa launin da ya haɗa a tsarin RGB na fuskar kwamfuta sai an mayar da shi CMYK, tsarin launin injin bugu, kuma shuɗin nan mai walƙiya zai dushe a takarda. Zai gane cewa hoton da bai kai digo 300 a kowane inci ba, zai fito a farfashe, kuma idan bai bar rarar milimita 3 a gefen zanen ba, wuƙar yanka za ta bar masa farin layi a baki. Mai koyon tace fim zai koyi cewa kafin a taɓa komai, sai an kwafe abin da aka ɗauko a wurare uku, an ba kowane fayil suna da kwanan wata da lambar fitowa, an daidaita murya da hoto. Mai aiki a gidan baje kolin zane zai koyi rubuta rahoton lafiyar kowane zane kafin a rataye shi da bayan an sauke shi, da rataye shi yadda tsakiyarsa za ta tsaya wajen santimita 150 daga ƙasa. Mai zanen tufafi zai koyi fitar da farashi: yadi nawa, zare, shafi, wuta, ladan tela, sannan riba. Duk wannan da ganin ido ake ɗaukarsa, a gefen wanda ya yi shi sau ɗaruruwa. Marinan Ƙofar Mata ma ba a takarda suke koya wa yaro sanin cewa baba ya nuna ba, sai ya tsaya bakin karofi yana kallo.

Ɗalibanmu na Nijeriya suna da wannan dama a cikin karatunsu ta shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF mai hedikwata a Jos ke kula da shi. Abin takaici, da yawa suna neman ofishin da za a sa musu hannu a littafin rahoto su koma gida. Wannan asara ce babba, domin waɗannan su ne watannin da za ka yi kuskure ba a cire maka kuɗi ba.

To amma koyon aiki yana da nasa ramin. Mafi yawan inda ake faɗawa shi ne a mayar da kai ɗan aike: sayo kati, ɗauko abinci, riƙe fitila, wata shida su wuce ba ka taɓa kyamara ba. Aike a makon farko ba laifi ba ne, haka ake shiga kowace sana'a. Laifin shi ne a ce ba wanda aka ɗora wa alhakin koya maka. Saboda haka kafin ka amsa, ka nemi abubuwa huɗu a rubuce, ko da a saƙon waya ne: ranar farawa da ranar gamawa, sunan wanda zai riƙa duba aikinka, abin da za a ba ka na mota da abinci, da kuma ko an yarda ka saka abin da ka yi a kundin ayyukanka da sunanka. Wannan na ƙarshe shi ne mutane ke mantawa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar wa yarjejeniya babban fili, don haka abin da ka sa wa hannu zai iya raba ka da aikinka. Ka karanta kafin ka sa. Wata uku zuwa shida sun isa a wuri ɗaya. Idan aka wuce haka ana cewa ka ƙara haƙuri alhali aikinka ne ake sayarwa, ka zama ma'aikaci marar albashi. A Faransa doka ta tsaya a kan wannan: zaman koyon aikin da ya haura wata biyu dole a biya mai yinsa, ba ya wuce wata shida a wuri ɗaya cikin shekarar karatu, kuma sai da yarjejeniya tsakanin ɗalibi da makarantarsa da kamfanin. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke karatu a can su riƙe wannan da kyau.

Yanzu residensi. Ba sai an haye teku ba. A Iseyin ta jihar Oyo akwai gidan marubuta na Ebedi, wanda Wale Okediran ya kafa a 2010, inda marubuci ke zama ya yi rubutunsa, ya kuma ware ɗan lokaci yana koyar da yaran makarantun garin. A Legas akwai cibiyar G.A.S. ta mai fasaha Yinka Shonibare, da aka buɗe a 2022, tana da reshe a gona kusa da Ijebu Ode. A Dakar akwai Black Rock, wadda mai zane Kehinde Wiley ya kafa a 2019, ana zaman wata ɗaya zuwa uku. A waje kuma akwai MacDowell a Amurka, tun 1907, wadda ba ta karɓar kuɗin zama, da Rijksakademie a Amsterdam inda ake kai wa shekara biyu.

Ku lura da abin da waɗannan wurare suke nema. Shirin marubuta na duniya na Jami'ar Iowa, wanda aka fara a 1967, yana son wanda ya riga ya buga littafi. Rijksakademie ta fi karkata ga wanda ya yi 'yan shekaru yana aiki da kansa bayan makaranta. Ba wulaƙanci ba ne. Dalilin shi ne a residensi galibi ba malami, ba jadawali. Za a ba ka mabuɗi a rufe maka ƙofa. Wanda ya zo da aikin da ya kai rabi, ya san cewa babi huɗu suka rage masa ko zane takwas, zai fita da abu a hannu. Wanda ya zo da sha'awa kawai, makon farko zai tafi a yawon ganin gari, na biyu a neman abin da zai yi, na uku a fargaba, a na huɗu kuma ya haɗa abu cikin gaggawa don ranar da za a buɗe wa baƙi ɗakunan aiki. Kuma masu zaɓe sun san juna, suna tambayar juna. Damar da ka ɓata a wuri ɗaya tana iya rufe maka ƙofa a wani.

Gwajin da zan ba ku mai sauƙi ne. Ka zauna ka rubuta shafi ɗaya: ga aikin da nake yi, ga inda na tsaya, ga abin da zan kammala cikin mako shida, ga dalilin da ya sa sai a wannan wurin. Idan shafin ya fito ba tare da ka cika shi da manyan kalmomi ba, ka shirya. Idan ya gagara, koma ka ci gaba da aiki. Wannan shafin dai shi ne zuciyar takardar neman. Sauran su ne samfurin aiki, galibi hotuna goma zuwa ashirin ko shafuka kaɗan na rubutu, da taƙaitaccen tarihin aiki, wani lokaci da sunayen mutum biyu da za su shaide ka. Ka saka aikin shekaru biyu ko uku na baya-bayan nan masu magana da juna, kada ka kwaso duk abin da ka taɓa yi don a ga kana da yawa. Hoton zane a ɗauke shi da hasken rana a inuwa, a miƙe, da suna da girma da shekara. Kuma ana buɗe neman ne watanni da yawa kafin zuwa, wani lokaci shekara guda.

Sai maganar kuɗi, inda na fi so ku buɗe kunne. Residensi iri uku ce: wadda ke ɗaukar jirgi da masauki da alawus, wadda ke ba da masauki kaɗai, da wadda kai za ka biya. Ta ukun ba lallai ta zama damfara ba, amma sabon shiga ba shi da abin yi da ita. Ko a ta farkon, ka tambaya: su za su sayi tikitin, ko sai ka saya su mayar maka bayan ka isa? Wannan tambaya kaɗai ta hana mutane da yawa tafiya. Bizar gajeren zama ta Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kwana 90 ce cikin 180, tana bukatar inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin magani na aƙalla Yuro dubu 30, kuma samun ranar ganawa a ofishin jakadanci na iya cin makonni. Ka tambayi wanda zai biya kuɗin dawo da aikin. Fentin mai ba ya bushewa cikin kwana biyu, ba a shiga jirgi da tafentain, ruwan sirka fenti, batiran kyamara kuma a jakar hannu ake riƙe su. Ka lissafa abin da za ka rasa a gida: kwastomomin da za su koma wurin wani, da cefanen da za ka bari. Ka tambaya ko akwai madafin da za ka girka abincinka, musamman in zaman zai faɗo cikin azumi.

[Wata ɗaliba ta tambaya ko mace mai aure da goyo za ta iya neman residensi.]

Ƙanwata, za ki iya, amma ki fara da tambaya kafin cike takarda. Wasu cibiyoyin suna karɓar iyali, wasu kuma sun rubuta ƙarara cewa mutum ɗaya suke sauka, har baƙo ba ya kwana. Ki rubuta musu ki tambayi abu uku: ko ana zuwa da yaro, ko ɗakin yana da banɗaki da madafi nasa, da ko za a iya raba zaman kashi biyu. Idan tafiya ta yi nisa, ki fara da na cikin ƙasa mai mako biyu zuwa shida. In wannan ma bai samu ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku kama ɗaki ɗaya a garinku na wata biyu, ku tsayar da awannin aiki, ku sa ranar da za ku gayyato wani malami daga sashen zane ya duba abin da kuka yi. Ku ɗauki hotunan aikin da kyau, domin su ne za ku saka a takardar neman ta gaba.

Akwai mai wata tambayar?